Kujerun Daren Talata

Wata Talata da daddare, shekarun baya, na shiga wani gidan wasa a Landan riƙe da tikiti mafi araha da na samu, can saman bene, jerin da ke daf da rufi. Ban gama zama ba sai ga wata ma'aikaciya ta hawo da 'yar tocila, tana bin mu ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi, wai an rufe sama yau, mu sauko ƙasa an sauya mana wuri. Na bi ta ina murna, don kujerar da ta nuna mini ta ninka kuɗin tawa sau uku ko huɗu. Sai da na waiwaya na ga bene biyu a bayana duhu ƙirin, babu kowa, sannan na gane abin da ake ciki. An tattaro mu ne a cike gaba, kada 'yan wasa su fito su tarar kujeru ne ke kallon su.

Wasan kuwa an zuba masa dukiya. Dandamalin yana juyawa, yana tsagewa, wani sashe ya nutse wani ya taso, makaɗa cike da ramin da ke gabansa. Ban fita ina ƙorafi ba. Amma a cunkoson bakin ƙofa na kasa kunne, duk hirar da nake ji ta inji ce: yaya aka yi bangon nan ya ɓace, ta ina mutumin can ya ɓullo. Ko mutum ɗaya ban ji yana rera wani abu ƙasa-ƙasa ba, ban kuma ji an ambaci sunan yarinyar da labarin ya ginu a kanta ba. Bayan 'yan watanni na ga sanarwar rufe shi.

Tun daga daren nan nake bibiyar wannan kasuwa, ta wasan dandamali wanda waƙa da rawa ke ɗauke da labarinsa, 'yan wasa na rerawa a gaban idonka, makaɗa na bugawa nan take. Manyan kasuwanninsa biyu ne: Broadway a birnin New York, mai gidajen wasa 41, da West End a Landan. Kuɗi ne masu kauri ke yawo a wurin. A kakar 2018 zuwa 2019 Broadway kaɗai ta sayar da tikitin sama da dala biliyan 1.8. Duk da haka, maganar da ke bakin masu harkar ita ce cikin wasa biyar, ɗaya ne ke mayar da uwar kuɗi. Ra'ayina shi ne yawancin huɗun nan sun mutu tun a kan takarda, ranar da aka amince da abin da za su riƙa ci duk mako.

Kuɗi iri biyu ne a wannan sana'a, jaridu kuma ɗaya kawai suke so. Akwai jarin da ake tarawa kafin a buɗe, na gina kayan dandamali da ɗinki da atisaye da tallar farko. Shi ne ke fitowa a kanun labarai. Sai kuma kuɗin mako, wanda ba a cika maganarsa ba: hayar gida, albashin 'yan wasa da masu jiran gurbinsu, makaɗa, masu fitilu da masu jan igiya, masu wanki da guga da gyaran gashin kanti, talla, da kason marubuta. Fim idan an gama shi an gama, ko sau miliyan aka haska ba sai jarumi ya sake barin gidansa ba. Wasan dandamali kuwa sau takwas a mako ake sake ƙera shi daga tushe, kuma ko mutum ɗari ne a zauren ko dubu, ma'aikatan nan duka sai sun zo, sai an biya su. Kujerar da ta kwana babu kowa ranar Talata ba a ajiye ta a sayar ranar Asabar. Ta tafi ke nan.

Bari in ƙirƙiro lissafi don a ga yadda abin yake da tsini. A ce gida mai kujera 1,500, wasa takwas, kujera 12,000 ke nan a mako. A ce tikiti dala 120 a tsakaice, kuɗin mako dala 900,000, jari dala miliyan 20. Idan gida ya cika maƙil kullum, za a mayar da jari cikin mako 37. Idan kashi 70 cikin 100 ne ke cika, wanda a ido zaure ne mai kyau, sai an haura shekara uku da rabi. Idan ya sauka zuwa kashi 60, kowane mako ana cin uwar kuɗi ne. Tsakanin mai arziki da mai bin masu jari yana ba su haƙuri, 'yan layukan kujeru ne na baya.

Ba a taɓa nuna wannan a fili kamar yadda Spider-Man: Turn Off the Dark ya nuna ba. Dala miliyan 75 aka zuba, jarin da Broadway ba ta taɓa ganin irinsa ba. Komai na nasara yana nan a takarda: sunan da kowane yaro ya sani, waƙoƙin Bono da The Edge na ƙungiyar U2, ga kuma Julie Taymor a matsayin darakta. Aka fara wasannin gwaji a Nuwamban 2010, ba a buɗe a hukumance ba sai Yunin 2011, bayan gwaji 182. A tsakani 'yan wasa sun ji raunuka, ɗaya ya faɗo daga sama sai asibiti, Taymor kanta aka raba ta da aikin. Mutane suna tuna wannan duka, sai su ce ai shi ya sa ya faɗi. Abin da suke mantawa shi ne jama'a sun zo. Wasan ya haura shekara uku a kan dandamali, akwai ma makon da ya tara kusan dala miliyan 3, abin da ya zama tarihi a lokacin. Amma mutanen da ke shawagi a kan igiya bisa kawunan 'yan kallo suna buƙatar runduna guda ta masu kula da su kowane dare, kuɗin mako ya zarce dala miliyan ɗaya. Cinikin da zai sa wani wasan yin bikin riba, shi da ƙyar yake toshe masa baki. Da aka rufe a Janairun 2014, mafi yawan jarin ya bi ruwa.

Ajiye shi kusa da Chicago. Wanda ake yi yanzu a Broadway an buɗe shi a 1996, kuma asalinsa ɗan taƙaitaccen nuni ne na 'yan kwanaki da aka shirya ba tare da kayan dandamali ba. Aka ɗauko shi kusan yadda yake: makaɗa a kan dandamali, 'yan kujeru, baƙaƙen kaya, shi ke nan. Yau ya doshi shekara talatin yana gudana. Ya ga makonni marasa daɗi ba adadi, amma cikinsa ƙarami ne, abin da zai kashe wani shi ƙoshi yake masa. Haka Six, wanda ɗalibai biyu na jami'ar Cambridge suka rubuta suka kai bikin Edinburgh a 2017: mata shida, makaɗa huɗu, minti tamanin ba hutu. Ana iya kafa shi a Landan da New York da cikin jirgin ruwa na yawon shaƙatawa a lokaci guda ba tare da an yi gumi ba.

Na san abin da za a ce mini, kuma magana ce mai nauyi. To The Lion King fa? Ba wasa ne mai arha ba, ado ne tun daga ƙofa har dandamali, kuma ita wannan Taymor ɗin ce ta shirya shi a 1997. Ga shi har yau yana cika gida a New York da Landan da Hamburg, abin da ya tara a duniya ya wuce dala biliyan 8, babu fim ɗin da ya kamo ƙafarsa. Gaskiya ne. Tsadar mako ba laifi ba ce idan akwai abin da zai riƙa cike gidan shekara da shekaru. Tambayar ita ce me aka saya da kuɗin. A can, raƙumin dawa mutum ne a kan sanduna, kana ganin mutumin kana ganin dabbar, giwa tana ratsowa ta tsakiyar 'yan kallo a waƙar farko. Adon yana ba da labari ne, labarin ɗa da uba da gadon sarauta, wanda baƙon da bai jin Turanci ko kalma ɗaya zai bi daga farko har ƙarshe. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don kusan kashi biyu cikin uku na masu sayen tikitin Broadway baƙi ne 'yan yawon buɗe ido. Mutanen New York masu son wasa za su ɗauke ka wata shida, ko shekara. Daga nan sai iyalin da suka zo daga wata jiha ko wata ƙasa, suna da dare ɗaya tak, suna tambayar wanne za mu gani.

Amsar wannan tambaya ba daga jarida take fitowa ba. Da aka buɗe Les Misérables a Landan a 1985, yawancin masu sharhi sun yi masa kaca-kaca. Furodusansa Cameron Mackintosh ya sha ba da labarin yadda ya kira wurin sayar da tikiti da safe, zuciyarsa a karye, aka shaida masa layin waya ya ƙi hutawa saboda masu saye. Shekara arba'in ke nan ana yin sa a birnin. Wicked, da aka buɗe a 2003 da jarin dala miliyan 14, sharhin da ya samu rabi yabo rabi tsaki ne, kyautar Tony (babbar lambar yabon Broadway) ta gwarzon wasan shekara ma wani ƙaramin wasa mai 'yar tsana, Avenue Q, ya ƙwace ta. Hakan bai hana Wicked mayar da jarinsa cikin wata 14 ba. 'Yan mata ne suka ɗauke shi a kai, suka ga kansu a labarin ƙawaye biyu, suka dawo da ƙawayensu, yanzu kuma suna dawowa da 'ya'yansu.

Na taɓa zama kusa da irin wannan 'yar kallo a wani wasan na daban. Dattijuwa ce, ta zo da wata budurwa da nake zaton jikarta ce. Tun kafin makaɗa su shiga wata waƙa sai in ga ta dafa hannun yarinyar, alamar ga shi nan tafe. Leɓenta na motsi da kowane baiti, ba ta fitar da murya. Rabin lokacin ma ba dandamali take kallo ba, fuskar yarinyar take leƙe don ta ga ko abin ya kama ta. A hutun tsakiya ta ce mini zuwanta na biyar ke nan. Duk kasafin tallar duniya ba zai samar da wannan matar ba, kuma ita ce ke cike kujerun Talata.

Masu zuba jari sun san haka, amma ba a iya rubuta ta cikin takardar neman kuɗi. Abin da ake iya rubutawa shi ne suna sananne, shi ya sa Broadway ta cika da wasannin da aka ciro daga fina-finai da kundin waƙoƙin tsoffin mawaƙa. Ban ce dabarar banza ce ba. Suna yana sayar da tikitin watannin farko. Bayan nan kuwa ba ya da abin cewa. Judy Craymer ta ɗauki waƙoƙin ABBA ta gina Mamma Mia! a 1999, har yau yana Landan. Ita ɗin dai ta ɗauki waƙoƙin Spice Girls ta yi Viva Forever! a ƙarshen 2012, bai kai wata takwas ba aka rufe da asarar miliyoyin fam. Furodusa ɗaya, dabara ɗaya, birni ɗaya. Andrew Lloyd Webber ya rubuta ci gaban labarin The Phantom of the Opera, ya sa masa Love Never Dies, aka buɗe a Landan a 2010, shekara ɗaya da rabi ya yi, bai taɓa taka Broadway ba. Disney ma, da duk ƙarfinta, Tarzan da The Little Mermaid ba su yi shekara biyu a Broadway ba. Abin mamaki, shi Tarzan da aka gyara shi aka kai Jamus sai ya zauna shekaru.

Tauraro kuma kayan aro ne, ba ya rufe katara. The Producers ya lashe Tony 12 a 2001, abin da ba a taɓa yi ba, mutane na kokawar ganin Nathan Lane da Matthew Broderick. Da kwantiraginsu ya ƙare suka tafi, ciniki ya yi sanyi, sai a lokacin aka gane su ake zuwa gani. Ya rufe a 2007, da riba dai, amma ba tsawon ran da aka yi masa zato ba. Manyan wasannin Mackintosh na shekarun 1980 an gina su ne ta yadda hoton da ke jikin allo, idon kyanwa na wasan Cats ko farin abin rufe fuska na The Phantom of the Opera, shi ne tauraron. Kowa na iya tafiya, wasan na nan. Masu Chicago kuwa sun juya abin ne da wayo: suna ɗauko sananniyar fuska ta talabijin ko fim ta yi 'yan makonni, ta ja jaridu, ta wuce, wasan bai dogara da kowa ba.

Zan yi rashin adalci idan na nuna kamar komai lissafi ne da basira. Akwai mai gida. Yawancin gidajen Broadway suna hannun kamfanoni ƙalilan ne, Shubert kaɗai na da 17, kuma a yarjejeniyar haya akwai sharaɗin da ke ba mai gida damar korar wasa idan cinikinsa ya faɗi ƙasa da wani adadi mako biyu a jere. Beetlejuice ya fara da rauni a 2019, daga baya matasa suka gano shi ta intanet, ciniki ya yi ta hawa. Ana cikin haka aka miƙa masa takardar tashi, bisa raunin da ya riga ya wuce, don a ba wa wasan Hugh Jackman gidan. Akwai kuma lokaci. Merrily We Roll Along na Stephen Sondheim wasa 16 kacal ya yi a 1981 aka rufe, ya zama abin misali idan ana maganar faɗuwa. A 2023 aka dawo da shi da Daniel Radcliffe cikin 'yan wasa, ya zama tikitin da ake nema ruwa a jallo. Shi kansa Chicago, a fitowarsa ta farko a 1975, A Chorus Line ne ya danne shi. Sannan ga abin da babu mai tsara shi: ranar 12 ga Maris 2020 annobar korona ta rufe Broadway baki ɗaya, ba a dawo sosai ba sai bayan wata 18. A daren ranar ce aka shirya buɗe Six.

Inda nake da ja da masu harkar yau shi ne maganin da suka zaɓa. Kuɗin mako ya hau, sai suka ɗora wa tikiti. The Producers ne ya fara sayar da zaɓaɓɓun kujeru dala 480, Hamilton ya kai su dala 849 a 2016. Hujjarsu tana da ƙarfi, suna cewa da 'yan bunburutun tikiti su ci ribar gara ta shiga aljihun waɗanda suka yi aikin. Ga Hamilton hakan ya yi daidai: jarinsa dala miliyan 12.5 ne, dandamalinsa katako ne da igiyoyi da faifai mai juyawa, ya mayar da kuɗinsa cikin shekarar farko, daga baya Disney ta biya dala miliyan 75, daidai jarin Spider-Man, don kawai ta nuna hoton bidiyonsa. Amma abin da ya dace da wasa ɗaya cikin ɗari ya zama ma'auni ga kowa. Mutumin da ya biya wa iyalinsa dala 800 a dare ɗaya ba zai yi kasada da sabon abu ba, zai nemi sunan da ya sani, sau ɗaya a shekara. Ita kuwa dattijuwar nan ba za ta zo sau biyar ba. Ana gudun kasada ana sayen suna da tauraro da inji, su kuma suna ƙara nauyin mako, nauyin yana ƙara tikiti, tikitin yana korar wadda za ta fita ta gaya wa maƙwabciyarta.

Maganata ma tana da nata haɗarin, na sani. Idan aka ce a rage kuɗin mako, wurin da almakashi ke fara faɗawa shi ne ramin makaɗa, don ba a ganin su. Da aka sake buɗe Phantom a Landan a 2021, makaɗa 27 sun koma 14, na'ura ta cike gurbin sauran. Wannan ragi ne daga abin da aka zo saye. Wanda nake nufi ana yin sa tun ana zane, lokacin da darakta ya ce yana son mota ta tashi sama, wani ya samu ƙarfin halin tambayarsa mutum nawa za su riƙa tayar da ita sau takwas a mako har shekara biyar.

Phantom na New York bai rage makaɗansa ba. An buɗe shi a gidan Majestic a Janairun 1988, ya mayar da jarinsa tun da daɗewa, ya ninka shi ba adadi. Bayan annoba baƙi daga ƙasashen waje ba su dawo da wuri ba, kuɗin makonsa kuma ya doshi dala miliyan ɗaya, makonnin asara suka fara yawa. A Satumban 2022 aka sanar za a rufe. Nan take aka yi wa tikiti caa, har aka ƙara wa'adi da wata biyu, cinikin mako ya kai dala miliyan 3. Mutanen nan duka suna nan tun da, kowa na cewa ai yana nan, wata rana zan je. Ranar 16 ga Afrilun 2023, bayan wasa 13,981, aka sauko da babbar fitilar nan tasa da ke rataye a saman zaure karo na ƙarshe.